Ummin Cikin Waya

Shafi na 19

Ku da kuka cika min waya tun safe da "wai me ta gani a durowar?", ku sassauta min haka, ga shi na kawo. Masu cewa na cika zafin kai kuma, ku karanta tukuna kafin ku yanke min hukunci.

Fom ɗari uku muka raba wa ɗaliban makarantu shida, don mu auna yawan yaran da wasan intanet ya kama. Ɗari biyu da casa'in da tara ne suka dawo teburina. Cikon na ɗari ukun, a durowar Mai Lissafi na tsince shi, ƙarƙashin kwalin ganyen shayi, an ninke shi gida huɗu.

Mai Lissafi abokiyar aikina ce, ita ke shigar da amsoshin a kwamfuta. Shekara shida muna ofis ɗaya, fanka ɗaya, butar shayi ɗaya. Yaya take ce min.

Fom ɗin ba shi da suna, haka muka tsara shi. Amma ni na koya wa wannan hannun riƙe biro. Ko cikin takarda dubu aka cusa rubutun 'yata Auta zan zaƙulo shi, balle ga koren biron da na yi wata guda ina nema a jakata.

Tambayoyi tara ne. Duk yaron da ya ce "eh" sau biyar, mun sa shi cikin waɗanda suka kamu.

'Yata mai shekara sha huɗu ta ce "eh" sau takwas.

Wallahi ba takwas ɗin ne ya tayar min da hankali ba. Tambaya ta bakwai ce. Mun rubuta, "Shin kin shaƙu da wasan har ba kya jin daɗi idan ba ki shiga ba?" Auta ta soke kalmar "wasan" da layi biyu, ta rubuta "Ummi" a samanta. A gefen takardar kuma, da ƙananan baƙi, ta ƙara:

"Ba wasan nake shiga ba, wajenta nake zuwa."

Ni Mama take ce min. Tun da ta fara magana ba ta taɓa ce min Ummi ba.

Ƙarfe huɗu saura Mai Lissafi ta turo ƙofa da ƙafa, hannunta riƙe da kofuna biyu da ta wanko.

"Yaya, in haɗa miki da madara ko..."

"Rufe ƙofar."

"Lafiya?"

"Na ce ki rufe."

Ta rufe. Idonta ya sauka kan takardar da na shimfiɗa a tebur, na danne gefenta da abin huda takarda. Nan take ta sha jinin jikinta. Ta ajiye kofunan a hankali kamar za su fashe.

"Durowata kika buɗe?"

"Sukari nake nema. Kin ga abin da na samo."



"Kin san rubutun waye wannan?"

"Fom ba shi da suna, Yaya."

"Kada ki karanta min dokar da na rubuta da hannuna. Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

"Shi ya sa kika ɓoye?"

"Na so in nemi hanyar da zan..."

"Bar wannan. Abu ɗaya nake so." Na ɗora yatsa kan kalmar. "Ke ce kike shiga gem ɗin nan kullum, kin san yaran, kin san sunayen da suke laƙaba wa kansu. Wace ce wannan Ummin? Mace ce ma ko wani ƙaton banza ne ya saka hoton mace? Nemo min ita yau ɗin nan."

Ga wanda bai sani ba, tun farkon aikin nan Mai Lissafi ta dage cewa takarda kaɗai ba za ta auna yaro ba. Farfesa, shugaban sashenmu, ya ba ta izini ta shiga wasan da sunan aro, ta ga yadda yaran ke yi. Ni kuwa ba irin tsiyar da ban yi mata ba. Mace da girmanta, ta duƙufa kan waya tana tsallake gadoji da 'yan sakandare.

Ta jawo kujera ta zauna. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake cirewa.

"Ba sai an nemo ta ba."

"Ban gane ba."

"Ni ce."



"Ke ce wa?"

"Ni ce suke ce wa Ummi. Sunan da na sa wa kaina Tsohuwar Mota. A wasan mutum huɗu ne ƙungiya, ɗaya aikinsa ɗaga duk wanda ya faɗi, ya ɗaure masa rauni. Yaran ba sa son wannan aikin, ba a samun maki da shi, sai na ɗauka. Daga nan wani ya fara tsokanata da Ummi, sunan ya bi ni."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da alaƙa da daɗi.

"Ikon Allah. Ina nan ina zargin mutanen duniya, ashe a teburin da ke kallon nawa take zaune."

"Yaya, wallahi ban san ita ba ce. Kyanwar Sama take amfani da shi. Wata uku muna wasa ban sani ba."

"Yaushe kika sani?"

"Wata biyu da suka wuce. Ta turo min hoton kyanwarta. A bayan kyanwar na ga labulen falonki." Ta sunkuyar da kai. "Ni na raka ki muka saya."

Wata biyu. Na shiga lissafi a raina ba tare da na so ba. Wata biyu tana haɗa min shayi, tana ce min "ya su Auta?", ni kuma ina ce mata "tana nan, ta zama kurma, ba ta magana da kowa." Ashe ta fi ni sanin amsar.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Mun sa hannu cewa duk abin da yaro ya faɗa sirri ne."

"Yaron wasu ba!"

"Ba a rubuta haka ba."

"To me ya hana ki fita? Tunda kin gane 'yata ce, me ya hana ki goge gem ɗin ki bar min ita?"

"Na gwada. Kwana uku ban shiga ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Na dawo na tarar da saƙo goma sha bakwai. Na ƙarshen ta ce ko wani laifi ta yi min."

Goma sha bakwai. Na ɗauko wayata na buɗe hirarmu da Auta, na juya mata fuskar wayar.

"Duba. Duba mana! 'Kin dawo?' 'Eh.' 'Kin ci abinci?' 'Eh.' 'Kin yi aikin gida?' Babban yatsa. Ko 'eh' ɗin ma ta gaji da rubuta min, sai hoton yatsa. Ke kuma goma sha bakwai a kwana uku."

Ba ta kalli wayar ba.

Zan faɗa muku gaskiya, don na san wasu za su ce ai damuwar uwa ce. Ba damuwa ba ce. Kishi ne, tsagwaronsa. Ban taɓa jin irinsa a kan mijina ba, ban ji shi ba ranar da aka ba wata kujerar da na shekara biyar ina hari. Na dubi matar nan, 'yar siririya, da tabon tawada a yatsa, da takalminta da ya cinye ta gefe ɗaya, ina neman abin da take da shi wanda ni ba ni da shi. Ban gani ba, kuma rashin ganin ya fi komai ƙona min rai.

"Me take gaya miki?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ni na haife ta."

"Na sani, Yaya."

"Kwana biyu ina naƙuda. Har yanzu in hadari ya haɗu ɗinkin yana min ƙaiƙayi. Ki zauna a gabana ki ce ba za ki faɗa ba?"

"Ba wani mugun abu ba ne. Hirar yara ce. Makaranta, ƙawaye, wadda ta yi mata dariya, wadda ta daina kula ta."

"Wa ta daina kula ta?"

Ta ciji leɓe.

"Kin gani ko? Ko wannan ban sani ba."

Ta miƙo hannu ta jawo fom ɗin gabanta, ta daɗe tana kallon tambaya ta bakwai.

"Kin tuna ranar da muka yi musu kan kalmar nan?"

Na tuna sarai. Ita ta ce mu rubuta "jaraba". Ni na ce a'a, ba yaron da zai yarda ya kira kansa jarababbe, duk ƙarya za su yi mana, mu sa "shaƙuwa" ta fi laushi. Ta ce shaƙuwa da mutum ake yi, ba da abu ba. Na ce mata lissafi aka ɗauke ta yi, ta bar min Hausa. Farfesa ya goyi bayana.

"Ba Auta kaɗai ba ce," ta ce. "Fom sittin da uku ne aka yi rubutu a gefen tambayar nan. Wani ya rubuta sunan abokinsa. Wata ta ce yayanta ya yi nisa, a nan kawai suke haɗuwa. Wani yaro cewa ya yi, 'a nan ne kawai in na faɗi ake dawowa a ɗauke ni.' Duk sun ce eh, duk mun sa su cikin masu ciwo. Ni dai ban san me muka auna ba, Yaya, amma ba wasa kaɗai ba ne."

"Yanzu aikina za ki rushe min kuma? 'Yar ba ta ishe ki ba?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ke nawa za ki ci in kin cika fom ɗin?"

Na faɗa ne don in soke ta. Sai ta ce, "Na cika. Bakwai."



Ta zaro wayarta daga jaka, ta buɗe wasan, ta turo min kan tebur.

"Ga shi. Ba zan buɗe miki hirarmu ba, amma ki ga wurin. Ki ga ba wani ramin ɓata yara ba ne."

Na leƙa. Wani gari ne na zane, gadoji a karye, wata 'yar tsana da jakar magani a baya tana tsaye tana lilo da hannu. Wai wannan ce ta ƙwace min 'ya.

Ina kallon jakar maganin nan wani abu ya faɗo min a rai.

Wata huɗu da suka wuce ina neman kwanon abincin Auta a jakar makarantarta, na ci karo da ƙunshin audugar mata, an buɗe, an yi amfani da rabi. Na kira ta ɗaki, na rufe ƙofa, na gyara murya zan fara jawabin da na shekara biyu ina tanadi. Ta ce min, "Mama na san komai, ba sai kin wahala ba." Na ɗauka a makaranta aka koya musu. Har daɗi na ji, na ce an rage min aiki.

Na ɗago na dube ta.

"Ranar da ta fara ganin al'ada. Wa ta gaya wa?"

Ta mayar da idonta kan fom ɗin.

"Tambayarki nake."

"Yaya..."

"Wa ya gaya mata abin da za ta saya?"

Idonta ya ciko.

"A banɗakin makaranta take, tana kuka, ta ɗauka ciwo ne. Lokacin ban san taki ba ce. Na ce ta kira mamanta. Ta ce ta kira sau biyu, an kashe, an turo mata 'ina taro'."

Na tuna taron. Kan wannan aikin ne ma. Ina tsaye gaban allo ina bayanin yadda iyaye ke sakaci da 'ya'yansu.

Da mai hankali ce ni a wannan lokacin, da godiya zan yi mata. Na sani. Amma abin da ya taso min daga ciki ba godiya ba ne. Ranar nan tawa ce. Tun Auta na cikin zani nake jiran ranar, na san abin da zan ce, na san ma abin da zan saya mata. Wata ta karɓe, tana zaune a kujerar da ke kallon tawa, ta gama ta juyo ta tambaye ni ko in ga jadawalin da ta haɗa.

"Kin ji daɗi ko?" na ce.

"Wane irin daɗi?"

"Da ake ce miki Ummi. Kin ji daɗi."

Ba ta musa ba. Wannan ya ƙarasa ni.

"To bari ki ji. Ba a zama uwa da danna waya. In Ummi kike so a ce miki, ki je ki haifi taki."

Kafin in rufe baki na san na yi ɓarna.

Shekararta tara da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Sau uku ina raka ta asibiti, sau uku muna dawowa ba ta magana a mota. Na ƙarshen, a kafaɗata ta yi kuka har rigata ta jiƙe.

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta miƙe, ta gyara kujerar ta mayar da ita daidai inda take, ta buɗe ƙofa ta fita. Na ji takunta har ƙarshen baranda, na ji ƙofar banɗaki, na ji an kunna famfo.

Na zauna ni kaɗai, kunya da haushi suna dambe a ƙirjina. Na ce in ta dawo zan ba ta haƙuri. Na ce ba zan bayar ba. Na ce zan kai ta gaban Farfesa. Na ce in na kai ta, me zan ce na gani, a fom ɗin da na rantse wa yara ba mai gane mai shi?

Sai wayarta ta yi ƙara.

Ta bar ta a teburina, wasan a buɗe. Wani ɗan akwati ya fito a ƙasan fuskar wayar.

Kyanwar Sama ta shigo.

Na dubi agogo. Huɗu da kwata. Yanzu ta dawo daga makaranta, ko kayan ba ta cire ba. Ni ko "na dawo" ba a turo min ba.

"Ummi kina nan?"

Na kawar da kai. Wallahi na kawar.

Ƙara ta biyu.

"ina son in gaya miki wani abu"

Ta uku.

"ban gaya wa kowa ba. ko Mama"

Kun ce in riƙa faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba. To ban yi dogon tunani ba. Ban tuna dokar da na rubuta ba, ban tuna matar da ke kuka a banɗaki saboda bakina ba. Abu ɗaya na sani, akwai maganar 'yata a cikin wayar nan, kuma sau ɗaya a rayuwata ina so in riga kowa ji.

Na ɗauki wayar. Na rubuta:

"Ina nan."

Amsa ta zo kafin in ɗauke yatsa.

"yauwa!! na ɗauka yau ma ba za ki shigo ba"

"kin yi alkawari ba za ki ji haushina ba?"

"Na yi."

"kuma ba za ki ce in gaya wa Mama ba? don kullum haka kike cewa"

Na tsaya kan wannan layin. Kullum haka take cewa.

"Ba zan ce ba."

"to bari in fara daga farko don ki gane"

"kin tuna ranar da na ce miki an canza mana wurin zama a aji"

"ba ranar da aka yi ruwa ba, kafin nan"

"to ai ba a nan ma abin ya fara ba, tun hutun da ya wuce ne"

"tsaya in tuna"

Haka 'yata ke da surutu? Layi na bin layi, da 'yan hotunan dariya da na kuka a tsakani. Na shekara biyu ban ji ta haɗa jimla uku a jere ba. Ina karantawa hawaye na ɗiga kan gilashin wayar, ina gogewa da babban yatsa don kada in rasa ko kalma ɗaya.

Can na ji an kashe famfo.

Ƙofar banɗaki ta yi ƙara.

Taku ya fara tahowa daga ƙarshen baranda, a hankali, takalmi ɗaya na jan ƙasa.

Auta kuwa har yanzu tana hutun da ya wuce.

"sai ita wannan yarinyar da na ce miki, ba mai tabarau ba, ɗayar"

Takun ya wuce ofishin farko.

Ya wuce na biyu.

Na rubuta da sauri, ban ko duba ba na tura:

"Faɗa min a taƙaice."

Alamar tana rubutu ta fito.

Ta ɓace.

Ta sake fitowa, ta daɗe, ta ɓace.

Takun ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ummi ba ta taɓa ce min a taƙaice ba"



"ita cewa take in bi a hankali tana ji"

"mutum ɗaya ce a duniya take ce min haka"

Hannun ƙofa ya murɗa. Mai Lissafi ta shigo, fuskarta a jiƙe, idonta jajir. Ta dubi teburin inda ta bar wayar, ta dubi hannuna.

Wayar ta sake yin ƙara a tafina.

"Mama?"